Lafiya Uwar Jiki: Ba Kowane Ciwon Kwatangwalo Ne Sanyi Ba

 

A cikin saƙonnin da suka iso mana bayan fitowar da ta gabata, akwai guda uku da muka ware gefe, domin duk kuka ɗaya suke yi. Na farko daga Salaga ya fito. Wani ɗan'uwa ne ke ba da labarin mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara 70 da ɗoriya, wadda santsi ya kwashe ta a makewayi, tun ranar ba ta sake taka ƙafarta ba. Na biyu daga zangon Yendi, wani tela ne ɗan shekara 28, ya ce shekara biyu ke nan yana fama da ciwo a gindin cinyarsa, yanzu har taka keken ɗinki ya soma gagararsa. Na uku kuwa wata uwa ce ta bugo waya daga Bawku da daddare, ɗanta mai shekara 6 ya kwana da zazzaɓi, ya wayi gari ya ƙi tsayawa, ko taɓa ƙafar aka yi sai ya fasa ihu.

Dukkansu uku cewa suka yi sanyi ne ya kama ƙugu, kuma suna so mu faɗa musu sunan maganin da za su saya. To, ba mu faɗa musu ba. Abin da muka ce wa kowannensu shi ne ya nufi asibiti, ita mai yaron ma muka ce kada ta bari gari ya waye. Dalilinmu shi ne abin da za mu tattauna a wannan wata: kalmar nan ta "sanyi" ta zama mana babban buhu, kowace irin cuta cusa ta muke yi a ciki, alhali wasu daga cikin cututtukan nan ba sa jira.

YADDA GAƁAR TAKE

Kwatangwalo shi ne mahaɗin da ƙashin cinya ya gamu da ƙashin ƙugu. Ku ɗauke shi kamar turmi da taɓarya. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi mai zurfi, kuma an shafe fuskokin biyu da guringuntsi mai santsi don kada ƙashi ya goge ƙashi. Duk takun da mutum ya yi, nauyin da ke sauka a kan gaɓar nan ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Sai ku ƙiyasta abin da take sha a wurin matar da ke ɗauko itace daga daji, ko 'yarmu da ta tafi dako a kasuwannin Kumasi da Akra.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne, kan ƙashin nan yana zaune ne a bisa wani siririn wuya, kuma ta wuyan ne jijiyoyin jini ƙalilan suke bi su kai masa abinci. Idan suka toshe ko suka tsinke, sai kan ƙashin ya mutu a hankali, ya lotsa kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Za mu dawo kan wannan.

A INA CIWON YAKE?

Kafin a tambayi magani, a fara tambayar wuri. A ce wa mai ciwo ya nuna da yatsa.

In ya nuna matsematsi, wato lungun da cinya ta haɗu da mara, ko gaban cinya har zuwa gwiwa, to galibi gaɓar ce da kanta. Mai irin wannan za ka ga tsuguno yana yi masa wuya, haka zaman tahiya, da ɗaga ƙafa a hau babur, da yanke farcen ƙafa. Amma a duba ko akwai wani kumburi da ke fitowa in an yi tari ya koma in an kwanta, domin ƙaba ma a nan take ciwo, kuma maganinta dabam ne.

In ya nuna gefen ƙugu ta waje, inda ƙashi ya turo, kuma ciwon ya fi tsanani in ya kwanta a kan wannan ɓarin, to yawanci jijiyoyin nama ne da ke wurin suka gaji suka kumbura. An fi ganinsa ga mata masu shekara 40 zuwa 60. Yana da naci, amma ba ya gurguntawa, kuma hutu da motsa jiki na daidai suna warkar da shi.

In kuwa ciwon daga mazaunai ya taso, ya bi bayan cinya kamar wutar lantarki har ƙasan gwiwa, tare da mutuwar ƙafa ko jin kamar ana tsira allurai, to daga ƙashin baya yake, wata babbar jijiya ce aka danne. Yawancin masu wannan suna samun sauƙi cikin 'yan makonni. Sai dai in fitsari ya tsaya, ko ya riƙa zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, to a tafi asibiti a ranar.

YARO MAI ƊINGISHI

Mu fara da yaron Bawku, don shi ne ya fi gaggawa. Yaron da ke da zazzaɓi, ya ƙi taka ƙafa, ya lanƙwashe ta ba ya yarda a motsa, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ƙwayoyin cuta suka shiga gaɓarsa har sai likita ya tabbatar ba haka ba ne. Mugunya in ta taru cikin kwatangwalo tana iya cinye guringuntsi cikin kwanaki kaɗan. Maganinsa shi ne a buɗe a wanke gaɓar, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Kowane kwana da aka ɓata wajen shafa man zafi, ko jiran maganin zazzaɓin cizon sauro ya yi aiki, ana biyansa ne da ƙafar yaron.

Akwai kuma wanda ke zuwa a ɓoye. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba. In ya shiga ƙashi, ƙashin baya ya fi so, sai kwatangwalo ya biyo baya. Alamarsa ɗingishi na watanni, ramewa, zufar dare, da yaro ya riƙa farkawa cikin dare da kuka. Sau da yawa akwai wani mai tari a gidan. Maganinsa kyauta ne a asibitocin ƙasar nan, amma ana shansa wata shida ko fiye, kuma wanda ya bari a tsakiya ya jawo wa kansa abin da ya fi na farko.

Iyaye su kuma san cewa yaro kan ce gwiwarsa ke ciwo alhali cutar tana kwatangwalo. Ana yawan ganin haka ga yara maza masu shekara 4 zuwa 10, waɗanda jini kan yanke wa kan ƙashin cinyarsu na wani lokaci, da kuma masu tasowa 'yan shekara 10 zuwa 16, musamman masu jiki, waɗanda kan ƙashin kan zame daga wuyansa. Saboda haka duk yaron da ya yi mako guda yana ɗingishi, ko da babu zazzaɓi, a kai shi a ɗauki hoton ƙashinsa.

Sannan ga wata ɓarna da mu da kanmu muke sayowa, wato allurar mazaunai a hannun wanda bai koya ba. Babbar jijiyar ƙafa ta nan take wucewa. In allura ta same ta, sai tafin ƙafa ya saki yana jan ƙasa, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka magani bai cika magani ba sai an soka. A bar wannan tunani, kuma kada a miƙa yaro ga mai allurar gida-gida.

MATASHI DA JININ SIKILA

Yanzu sai telan Yendi. Ɗan shekara 28 bai isa a ce gaɓarsa ta tsufa ba. Idan matashi a wannan yanki namu ya yi watanni yana ciwon matsematsi ba tare da ya faɗi ba, abin da ya kamata a fara zargi shi ne mutuwar kan ƙashin cinya da muka ambata, kuma babban mai jawo ta a nan shi ne amosanin jini, wato sikila.

A Gana, kimanin jarirai 2 cikin kowane 100 da ake haifa suna zuwa da wannan cuta. Kowa ya san mai jinin SS, wanda tun yana ƙarami yake yawan kwanciya. Wanda ba mu sani ba shi ne mai jinin SC. Nau'in jinin nan da ake kira C, babu inda ya fi yawa a duniya kamar arewacin Gana da ƙasar Burkina Faso, wato daidai inda muke zaune muna auratayya shekara da shekaru. Mai SC yana iya girma da ƙarfinsa, ya yi noma, ya yi ƙwallo, ba abin da ke damunsa sai ciwon gaɓoɓi jefi-jefi lokacin hunturu ko damina, a ce ai sanyi ne. Ana nan sai ƙwayoyin jininsa su toshe 'yan jijiyoyin nan na wuyan ƙashi, kwatangwalo ya soma mutuwa, sau da yawa ma duka biyun.

Masana na ƙasar nan sun daɗe suna faɗakarwa. Likita Felix Konotey-Ahulu ya shafe shekaru yana rubutu a kan wannan cuta, kuma a shekarar 1995 marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranci fara gwada jinin jarirai tun daga haihuwa a Kumasi. Amma mu da aka haifa a ɗakunan iyayenmu a Salaga da Gambaga da Bawku, yawancinmu ba a taɓa gwada mu ba.

A nan akwai abin lura. Gwajin nan na gama-gari da ake cewa "akwai sikila" ko "babu sikila", nau'in S kaɗai yake kamawa. Ba ya ganin C, kuma ba ya rarrabe mai AS da mai SS ko SC. Sai ku nemi gwajin da ke fitar da haruffa biyu a takarda: AA, AS, AC, SS, SC ko CC. Wannan ya shafi masu shirin aure ma. In namiji AS ne, mace kuma AC, an gwada ta an ce "babu sikila", to duk da haka kowane ciki da za ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SC.

In an gano mutuwar ƙashi da wuri, kafin kan ya lotsa, akwai dabara. Ana sa mutum ya riƙa tafiya da sanduna don a rage wa gaɓar nauyi, wani lokaci kuma likita ya huda ƙashin don a sassauta matsin da ke ciki. In ya riga ya lotsa, to sai dai a yi maganar canja gaɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

DATTIJO DA YA FAƊI

Ga dattawa abu biyu ne. Na ɗaya zaizayewar guringuntsi saboda shekaru da aiki. Yana farawa a hankali, gaɓa ta sandare da safe na ɗan lokaci, ta saki in an motsa, ta dawo da ciwo in an yi doguwar tafiya. Wannan ba ya warkewa, amma ana iya zama da shi shekaru masu yawa in an bi shi da dabara.

Na biyu karaya. Ƙashin tsofaffi, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada, yana yin fuyu-fuyu kamar karan dawa, har faɗuwa daga tsaye kawai ta isa ta karya wuyan ƙashin cinya. Alamarsa a fili take: tsohuwa ta kasa tashi, ƙafar ta gajarce, tafin ya juya waje.

A nan dole mu yi maganar masu ɗori, kuma da girmamawa za mu yi ta. Iyayenmu ne, sun gaji sana'ar, kuma akwai karayar da suke ɗaurewa ta kama. To amma wuyan ƙashin cinya yana can cikin nama mai kauri, babu karan da zai kai gare shi balle ya riƙe shi, kuma jijiyoyin jininsa sukan tsinke tare da karayar. Aikin tiyata yake bukata, ko a ɗaure da ƙusoshin ƙarfe ko a sa sabon kai, kuma likitoci sun fi son a yi shi cikin kwana biyu. Abin da ke kashe tsoho a wannan hali ba ƙashin ba ne, kwanciyar ce: gyambon baya, ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa. Maɗori na ƙwarai shi ne wanda zai duba ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku kai ta asibiti." Muna roƙon sarakunan zango su zauna da masu ɗorinmu a kan wannan magana.

Haka kuma dattijon da ciwon ƙugu ke hana shi barci ko yana kwance, yana ramewa, ko fitsari na yi masa gardama, ko matar da ke da ƙulli a mama, kada su tsaya shafe-shafe. Ciwon daji yana iya sauka a ƙashin ƙugu.

MAGUNGUNAN TASHA

Babu tashar mota daga Walewale zuwa Bawku da ba za ka samu mai tallar "maganin sanyin ƙashi" ba, ƙwayoyi kala-kala ƙulle a leda, babu suna babu kwali. Hatsarin shi ne akan cusa masu kashe zafi irin su diklofenak, a haɗa da deksametason ko firedinisolon. Mutum ya sha ya ji garau, sai ya mai da shi abincin kullum. Na farkon yana huda ciki ya lalata ƙoda. Na biyun yana kumbura fuska, ya tayar da hawan jini da ciwon sukari, kuma shi kansa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya, kamar yadda yawan shan giya ke yi. Wato mutum ya sayi cutar da yake gudu da kuɗinsa. Tiramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarinmu, ba sai an faɗa ba. Tsaga da ƙaho a kan gaɓar da ke ciwo ba sa kaiwa inda cutar take, sai dai su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

ABIN DA ZA A IYA YI A GIDA

Wannan shawara ta wanda likita ya riga ya duba ne, ya ce zaizayewa ce ko gajiyar jijiyoyin nama.

A riƙe sanda, kuma a riƙe ta a hannun da ke ɗaura da ƙafar mai lafiya. In kwatangwalon dama ke ciwo, sanda a hannun hagu. Mutane da yawa suna yin akasin haka. Sanda ba abin kunya ba ce.

Kada a kwanta a daina motsi. Tafiya kaɗan-kaɗan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kullum, da tuƙa keke, suna ƙarfafa naman da ke tallafe da gaɓar. A kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwoyi, a ɗaga ƙugu sama a sauke, kamar sau goma safe da yamma. Mai ƙiba ya rage, domin kowane kilo da ya sauka, gaɓar ta huta da biyu ko uku.

A bar zama a kan 'yar kujerar tsuguno, a nemi mai tsayi. A raba kaya gida biyu maimakon a ɗauka gaba ɗaya. Mai kwana a gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Gashi da tsumma mai ɗumi yana taimakawa. A kafa wa tsofaffi abin dafawa a makewayi, a kankare gansakuka, a sa fitila a hanya.

In za a sha magani, a fara da farasitamol. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana. Su diklofenak da aibufurofen sai da izinin ma'aikacin lafiya, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki kawai. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisance su, mai hawan jini kuma ya tambaya tukuna.

INA ZA A JE, DA ME ZA A BIYA?

A nan Nalerigu muna da asibitin Baptist, wanda Likita George Faile daga Amurka ya kafa, aka buɗe shi a 1958. Bawku na da asibitin Presbyterian, Yendi da Salaga kowanne na da asibitin gwamnati. A irin waɗannan wurare ake farawa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum Asibitin Koyarwa na Tamale, ko Komfo Anokye a Kumasi, ko asibitocin da suka yi suna a aikin ƙashi, kamar St. John of God a Duayaw Nkwanta da St. Joseph a Koforidua.

Canja kwatangwalo ba sabon abu ba ne. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita aikin a 1962, kuma wani babban nazari da aka buga a 2019 ya nuna fiye da rabin gaɓoɓin da aka sa suna kai shekara 25 suna aiki. Ana yin sa a ƙasar nan. Matsalar kuɗi ce. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa dokarta a 2003, tana sauƙaƙa ganin likita da hoto da gwaji, amma kuɗin gaɓar ƙarfe yawanci a kan iyali yake faɗawa. Duk da haka kowa ya sabunta katinsa tun yana lafiya, ana yi ta waya da lambar *929#, kuma an ɗauke wa masu shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara. Ƙungiyoyin zango da ke tara kuɗin biki da na rasuwa, me zai hana su buɗe asusu na uku don mai bukatar tiyata? Gudummawar da aka kai wa mutum yana da rai ta fi wadda aka kai ranar sadakar uku.

Kafin mu rufe, ga labarin mutanenmu uku. Yaron Bawku an kai shi a daren, an wanke gaɓar, uwar ta ce ya soma takawa. Telan Yendi an gwada shi, takarda ta nuna SC, abin da bai taɓa sani ba, yanzu yana kan sanduna yana jiran ganin likitan ƙashi, kuma ya ce zai kai ƙannensa gwaji. Tsohuwar Salaga kuwa sai da ta yi mako shida a hannun mai ɗori kafin ɗanta ya rubuto mana. An kai ta asibiti, amma da gyambo a bayanta, kuma sai ya warke kafin a yi maganar aiki. Muna yi mata fatan samun sauƙi.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ciwon gwiwa. Masu tambaya su ci gaba da aikowa ta hannun edita. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.